Alhamis Biyu a Jere

Kwamfutar ta buɗe kamar yadda ta saba. Ta nemi kalmar sirri, na buga mata da yatsa ɗaya, ta karɓa, ta yi ɗan kiɗan nan nata na gaisuwa. Sai hoton bango ya fito, wani bakin teku na ƙasar da ban sani ba, duwatsu da ruwa, babu mutum ko ɗaya. Na jira 'yan alamomin da ke jeruwa ta hannun hagu su fito. Ba su fito ba. Layin da ke kwance a ƙasa mai agogo a kusurwa, shi ma babu shi. Kibiya kaɗai ta rage, ina jan ta da yatsa tana yawo a kan ruwa.

Ranar Alhamis ce bayan la'asar, a ɗakina na Madarumfa. Da wata rana ce da na rufe ta na tafi bakin tabki kallon masunta. Amma Alhamis tana da mai ita.

Shekara arba'in da ɗoriya na yi ina bin injin haƙa rijiya, ni ne makanike. Aikin ya kai ni Aljeriya da Libiya da Burkina da Gana da Sudan, kuma duk inda na zauna sai na tsinci harshen wurin, wani da yawa wani kaɗan. Cikin dukan mutanen da na ci tuwo da su a waɗannan shekaru, mutum ɗaya ya rage wanda nake jin muryarsa. Mutumin arewacin Gana ne, shi ke riƙe da injin ni ina gyara abin da ya ɓata. Yana ce mini Bafaranshe don ni mutumin Nijar ne, ina ce masa Bagwanje don yankin da ya fito. Mun yi shekara goma sha ɗaya muna kwana a tanti ɗaya, na san tarinsa fiye da yadda na san na ƙannena.

Da mu uku ne. Na ukun wani mai dafa mana abinci ne, mutumin Mali. Bayan kowa ya koma gida, ni da Bagwanje mun daɗe muna hirarsa, muna cewa yanzu haka yana can yana zagin wanda ya cika gishiri. Har gaisuwa muka aika masa ta bakin wani direba. Sai direban ya dawo ya ce mana ai damina biyu ke nan da aka binne shi. Damina biyu muna dariya da mutum yana ƙasa, ko fatiha ba mu yi masa ba. A ranar ne muka ƙulla magana: kowace Alhamis bayan la'asar za mu ga juna ta na'ura. Wanda ya rasa Alhamis ɗaya, ciwo ne ko tafiya. Wanda ya rasa biyu a jere, ɗayan ya ɗauka ta faru, ya sa a toya waina ya raba sadaka, ya yi masa addu'a. Kada ya tsaya jiran labari, don babu mai kawowa.

Gaskiya ce kuwa. A Gana na ga ana manna hoton mamaci a bango da ranar jana'iza, mako da makonni kafin a binne. A Sudan rumfa ake kafawa a tsakiyar titi, mai wucewa ma ya sani. Mu nan kafin rana ta karkata an kai mutum, labari ya bi baki zuwa ƙauyukan Safo da Gabi, in ya yi nisa ya tsallaka Katsina. Babu ɗaya cikin waɗannan da zai ƙetare iyaka uku saboda wani tsohon makanike. 'Ya'yana ba su taɓa ganin Bagwanje ba, nasa ba su san ni ba. Ban kuma taɓa gaya wa kowa maganar da muka ƙulla ba. Kunya nake ji, kada a ce tsoho ya rasa masu yi masa sadaka a garinsu har ya je neman na waje.

To, ga Alhamis, ga kwamfuta, babu shuɗiyar alamar da nake dannawa in gan shi. Na kashe na kunna. Na zare batir na hura na mayar. Teku dai, da kibiya. Na zauna ina kallonta har aka kira magariba. Can wajensu agogo yana bayan namu da awa ɗaya, na san yana zaune a kujerarsa ta roba da sauran rana a kansa, yana cewa Bafaranshe ya makara.

Wani zai ce in kira shi a waya mana. Ni ma na ce wa kaina haka. Lambarsa da ke littafina tsohuwa ce, na buga, wata murya ta ce babu wannan layi. Tawa da yake da ita ta layin Najeriya ce da aka rufe tun bara waccan. Mun bar wannan ya wuce don muna ganin juna kowane mako, mutum ba ya tambayar hanyar gidan da yake zaune a ciki. Shi kuma ba kwamfuta gare shi ba, wani faifan na'ura ne mai allo da faɗin littafi da ɗansa ya kawo masa. Yana kulle shi a kabad duk mako saboda jikoki, sai Alhamis ya fito da shi. Hanya ɗaya ce tsakaninmu, kuma tana cikin alamar da ta ɓace.

Da safe na kira 'yata a Yamai. Ita ta shirya mini na'urar shekarun baya, ranar da ta zo ta'aziyyar mahaifiyarta ta ga yadda gidan ya yi shiru. Ma'aikaciyar jinya ce, ina jin hayaniyar marasa lafiya a bayanta.

“Baba, ka danna maɓallai ukun nan tare, waɗanda na taɓa nuna maka.”

Na danna. Ta shiga karanto mini sunayen abubuwa da Faransanci, kwamfutar kuwa a Katsina aka saye ta, Ingilishi take ji. Ina tsakani ina tafinta, aikin da na yi wa injiniyoyi shekara da shekaru. Na zaɓi abin da ta ce. Ta ce wata taga za ta buɗe.

“Ba ta buɗe ba.”

“Ka duba da kyau, Baba. Ka sa tabarau?”

“Suna hancina. Ruwa ne da duwatsu.”

Na tambaye ta ko za ta iya shiga wurin kiran daga tata wayar ta aika masa saƙo. Ta ce kalmar sirrin wurin ta manta da ita tuni, kuma in an nemi sabuwa, layin da aka rufe za a aika wa. Sai ta ce, “Wai shi abokin naka in bai gan ka ba sati ɗaya ko biyu, mi zai faru? Ka kwantar da hankalinka. Wa ya taɓa kwamfutar a kwanan nan?”

Wadda ta taɓa ta taubashiyata ce, 'yar ƙanwar mahaifina, shugabar matan da ke noman zogale a gefen gulbi. Makon da ya wuce ta zo ta ce wani ma'aikacin ƙungiya zai nuna wa mata hotunan yadda ake busar da ganye a inuwa, ya zo da majigi amma tasa kwamfutar ta mutu a hanya. Na ba ta tawa. Washegari ta dawo da ita, kuma a garinmu abin aro ba ya komawa hannu banza. Ta haɗo da ƙwarya cike da zogale da ƙwan zabi guda biyar. A jikin kwamfutar kuma, ta gefe, akwai wata 'yar farar igiya da ba ta kai tsawon tafin hannu ba, da ɗan kai mai ramuka a ƙarshenta. Ta ce ma'aikacin ya ce a bar mini, tukuicinsa ke nan, wata rana za ta yi mini amfani. Na yi godiya. Kyauta ba a jefa ta a lungu, mai ita ya zo ya ga an wulaƙanta. Na bar ta a inda na same ta.

Na taka har lambun na same ta tana tsinke ganye.

“Hajiya, mi kuka yi wa na'urata?”

“Ji tsoho! Daga sallama sai tuhuma? Ka cinye ƙwaina ka zo da rigima.”

“Ta daina nuna komai.”

“Ta yi gadon mai ita ke nan. Kai ma in an tambaye ka labarin ƙasashen da ka je, mi kake nunawa? Shiru.” Matan da ke kusa suka yi dariya. Ta ce, “Wallahi lafiya lau ta yi aiki, duk bangon magaza, ɗakin ajiyarmu, ya cika da hoto. Ka kai ta Maraɗi, bawana, in kuɗin mota ne ya gagare ka in ba ka.”

Ran Litinin na shiga mota zuwa Maraɗi. Jakar kwamfutar matsattsiya ce, sai na zare duk abin da ke jikinta, igiyar caji da ɗan makullin intanet, abin da nake soka mata ta kama layi, da farar igiyar, na sa a aljihun jakar. Mai gyaran dattijo ne, da furfura a gemu, shagonsa na bayan kasuwa cike da gawarwakin na'urori har rufi. Ya ɗora ta a tebur, ya kunna, ya juyo mini ita in buga kalmar sirri, ya kau da kai don ladabi. Na buga.

Komai ya fito. Alamomi a jere, layi a ƙasa, agogo a kusurwa, shuɗiyar alamata tana nan inda take.

“Baba, mi ka ce tana yi?”

Na ba shi labari. Ya kashe ya kunna sau uku, sau uku tana fitowa. Ya yi 'yan dube-dubensa, ya share mata ƙura, ya ce wani lokaci sukan yi haka su warware da kansu. Ya ƙi karɓar komai. Na san wannan, injin ma yakan ji tsoron makanike. Na dawo gida da farin ciki, har na saya wa maƙwabta burodi. Ban kunna ta ba a ranakun nan, ina lallaɓa ta, kada in taɓa abin da ya kwanta.

Alhamis ta biyu na yi wanka tun azahar, na sa farar riga. Na shirya abin da zan gaya masa, har da zolayar da zan tare shi da ita kafin ya fara tasa. Na goge tebur, na ɗora ta, na mayar mata da kayanta ɗaya bayan ɗaya, kowanne a raminsa, yadda nake mayar da kayan famfo bayan gyara. Na kunna. Kalmar sirri. Kiɗa.

Teku.

Ban san sau nawa na kashe na kunna ba. Na fita da ita zaure ko iskar ɗakin ce. Na kira mai gyaran, wayarsa a kashe. Na tsaya ƙofar gida da ita a hannu kamar mai neman wanda zai karɓi jinjiri, mutane suna wucewa suna gaishe ni, “Alhaji, an wuni lafiya?” Ina amsawa lafiya lau. Wa zan tsayar, in ce masa me? Tun da na dawo garin nan ake girmama ni, ana ba ni gefen tabarma mai kyau a majalisa. Amma hirarsu ta shekarun da ba na nan ce, shekarar da tabki ya ci gonaki, shekarar da fari suka sauka, wanda ya auri wa. In na ce a Libiya na ga kaza, sai a ce Allah mai iko, a jira in gama, a koma inda aka tsaya. Babu mugunta a ciki. Wurin da na bari ne ya cike, kamar sawun ƙafa a laka.

Inuwar bango ta miƙe ta haye tsakar gida. Na koma ɗaki na zauna gaban na'urar ina lissafin agogonsa. Yanzu ya sha shayinsa. Yanzu ya ce wa jikoki su yi nisa. Yanzu ya fara duba ƙofa kamar ta nan zan shigo. Na san shi, ba mai saɓa magana ba ne. Mutumin da ya taɓa tuƙa mota kwana biyu a cikin rairayi don ya ce zai zo ran Talata, ba zai ƙara mini Alhamis ta uku ba. Da aka kira magariba na rufe ta.

Ran Juma'a bayan an sauko masallaci na ga wata mata tana raba wa yara waina a bakin hanya, sadakar wani nata. Na tsaya ina kallo har ta miƙo mini ɗaya don ta ga na tsaya. Na karɓa na ce Allah ya kai lada. Ban iya ci ba, na riƙe ta a hannu har gida.

Asabar na koma Maraɗi. Na zare kayan jikinta, na sa a jaka, na kai. Ta buɗe tas a gaban mai gyaran. Ya jawo mini kujera, ya sa aka kawo ruwa.

“Baba, kai kaɗai kake a gida?”

“Ni kaɗai.”

“Babu wani yaro da zai riƙa zama kusa in za ka kunna?” Ya yi maganar a hankali, yana kallon hannuna, ba fuskata ba. “Mahaifina ma da ya manyanta, rediyonsa lafiya lau, sai ya ce ba ta magana.”

Na gane abin da yake nufi. Ban yi fushi ba, don ni ma tun a mota nake tambayar kaina. Na taɓa ganin wani babban injiniya a Sudan da ya fara neman tabarau suna fuskarsa, kafin shekara ta zagayo bai san sunan matarsa ba. Na roƙi mai gyaran ya haɗa ni da intanet ɗin shagonsa. Na danna shuɗiyar alamar, na kira. Ta yi ta ƙara babu amsa. Faifan yana kabad.

A hanyar dawowa motar ta tsaya kusa da Safo, direba ya buɗe gaba yana zagi. Ina zaune ina jin ƙarar injin na san matatar mai ce, na gaya masa, ya duba ya ga haka ne. Wannan ya ɗan dawo mini da raina. Kan da ya ji ciwon mota daga kujerar baya bai lalace ba tukuna.

Wani shugaban aiki da na yi zama ƙarƙashinsa a Aljeriya ya koya mini abu ɗaya da ya fi duk takardun da na samu. Famfon da ya yi aiki a gareji ya ƙi a bakin rijiya, lafiyarsa ƙalau. Kada ka ƙara buɗe cikinsa. Ka zauna ka lissafa abin da ke bakin rijiya wanda babu shi a gareji, ka cire su ɗaya-ɗaya. Lahadi da safe na ɗauki takarda na yi haka. Wutar gidana ta hasken rana ce, ta shagon mai gyaran ta gari, sai na zare caji na kunna da batir. Teku. Na zare makullin intanet. Teku. Shagonsa da fanka, ɗakina da zafi, sai na kai ta gindin darbejiya da sanyin safiya. Teburinsa na ƙarfe ne, har murfin tukunya na sa mata a ƙasa, kuma ina rubuta wannan ne don kada in ɓoye wautata. Farar igiyar kuwa ko a takardar ban sa ta ba. Ɗaya bakinta a sake yake, ba ya haɗe da komai. A sana'ata bututun da ba ya zuwa ko'ina ba ya kawo ruwa, ba ya ɗaukewa.

Da na gaji sai na zauna ina wasa da kibiyar kawai, kamar mai zane a ƙasa da tsinke. Na kai ta hagu, ta tsaya a baki. Sama, ta tsaya. Ƙasa, ta tsaya. Na kai ta dama, sai ta wuce ta ɓace. Na ci gaba da jan yatsa, ba ta nan. Da na juyo da shi baya sai da na yi ja uku kafin ta leƙo. Na sake, haka. Ashe ta wannan gefen ba bango ba ne, akwai fili a can da take shiga, mai faɗi, wanda ni ba na gani.

Sai maganar taubashiyata ta faɗo mini, duk bangon magaza ya cika da hoto. Ma'aikacin ya gaya wa na'urar ta kai komai bango, ta cikin wannan igiya. Ya naɗe majiginsa ya tafi, ita ba wanda ya gaya mata an watse. Muddin igiyar tana jikinta, tana can tana jera alamomina a bangon da babu shi, tana buɗe tagogin da 'yata ta ce in buɗe, ni kuma ta bar ni da abin da ya rage. Na kama farar igiyar na zare. Fuskar ta yi baƙi, ta ƙifta sau ɗaya, komai ya dawo. Na mayar, ya tafi. Na zare, ya dawo. Da hannuna nake cire ciwon in kai ta wurin mai magani, da hannuna nake mayar mata in na dawo, don kada in raina kyauta.

Babu wanda zan nuna wa. Na yi dariya ni kaɗai a gindin bishiya, akuyar maƙwabta ta ɗago kai ta dube ni.

Saura kwana huɗu Alhamis. Kullum bayan la'asar sai na kira, ko Allah zai sa ya buɗe kabad don wani abu. Ba a ɗauka. Na ci gaba da zuwa masallaci da kasuwa, ina sayen kifi, ina amsa gaisuwa, alhali a wani gida mai nisa an riga an shafa mini fatiha. Abin da ya fi damuna shi ne wannan: mutumin da ya raba sadakar abokinsa, me zai sa ya sake fito da faifai ran Alhamis? In bai fito da shi ba, ni ma zan ƙirga biyu, kuma ba zan san ko nasa ya ƙare ba ne ko nawa ne ya ƙare a wurinsa. Sai in toya wa rayayye waina, kamar yadda ya toya mini, mu zauna kowa yana yi wa ɗan'uwansa addu'ar kabari har ɗaya ya yi gaskiya.

Alhamis ban sa farar riga ba. Na zauna da wadda ke jikina, na danna. Ƙara ɗaya, biyu. A ta uku fuskar ta motsa, na ga silin, na ga fanka, sannan hula, sannan shi. Ya matso har hancinsa ya cika allon.

“Bagwanje,” na ce.

“A'uzu billahi.” Ya ja baya. “Can ma akwai intanet?”

“Akwai, amma ya fi na Gana ƙarfi.”

Bai yi dariya ba. Ya cire hula ya shafa kai ya mayar. Hausarsa ta zangon Gana ce, ba kullum take raba mace da namiji ba, kuma in ransa ya ɓaci sai ta ƙara karkacewa. “Kai mutumin banza ne, Bafaranshe. Tun a tanti na sani. Ina ka shiga?”

Na ɗauko farar igiyar na nuna masa, na ba shi labari tun daga zogale har murfin tukunya. A nan ne dariyar ta zo masa, ta zo da tari, har wata mata ta leƙo ta bayansa ya kore ta da hannu.

“Babban makanike! Wanda Larabawa ke aika wa mota! Wutsiyar ɓera ta kashe ka.”

“Ka yi sadakar?”

“Ran Juma'a. Tire biyu, har da zuma. Ka ci mini kuɗi a banza.”

“To in na mutu, me ka fito da faifai yi yau?”

Ya kalli gefe. “Alhamis ce. Ina zan je?”

Ina jin kukan kaji a gidansa, shi ma wataƙila yana jin na nan. Sai ya ce ranar da ya raba wainar, jikokinsa sun tambaye shi ta wa ce, ya ce ta wani mutumin Nijar ce, suka ce to, suka cinye suka tafi ƙwallo. Matarsa ta ce Allah ya ji ƙansa, ta tambaye shi ko a sa masa ruwan wanka. Ya ce bai ga laifinsu ba. Kwana uku yana neman wanda zai ba labarin ranar da injin ya kama rigata, bai samu wanda zai gane abin dariyar ba.

“Ka ji, Bafaranshe. Na yi sau ɗaya, ba zan iya na biyu ba. Ka bari in riga ka.”

“Kullum kai ne mai son gaba. Ko a layin abinci.”

“Na girme ka.”

“Da wata huɗu.”

“Girma ne.” Ya jawo wani abu daga aljihu, na ga guntun fensir ne. “Akwai abin da ya ba ni kunya. Na kira liman ya yi addu'a, ya ce wane ɗan wa? Na buɗe baki, babu. Shekara nawa, ban san sunan mahaifinka ba. Sai na ce ya ce Bafaranshe kawai, Allah ya san wanda ake nufi. Liman ya dube ni kamar na kawo masa kafiri.”

Na gaya masa sunan mahaifina. Ya sa na maimaita, yana rubutawa da ajami a bayan wata takardar magani, harshensa a waje kamar ɗan makaranta. Ya nemi na mahaifiyata ma, ya ce wasu limaman da shi suke yi. Rabon da in furta sunanta da bakina har na manta, a garinmu ɗa ba ya kiran sunan uwa, kuma waɗanda suke kiranta da shi duk sun tafi. Na faɗa a hankali, sai da ya ce in ɗaga murya.

Sannan ya faɗi sunayen nasa iyayen. Na juya takardar da na yi lissafin gyara a kanta na rubuta. Ina tsakiyar tambayarsa ko sunan uwar da wasali mai tsawo ne, sai hoton ya tsaya cik, bakinsa a buɗe, hannunsa a sama. Layi ya yanke. Na kira sau biyu bai shiga ba. Na zauna da fensir a hannu ina jira, na bar gurbin harafin ƙarshe sai mako mai zuwa.